Raga a Jikin Mai Haƙar Rijiya

Jiya ina alwala a bakin famfo na ji ɗayanku, ku masu koyon aikin likita, yana ce wa ɗan'uwansa wai aikin ƙaba ba aiki ba ne. A yanka, a tura hanji ciki, a shimfiɗa raga, a ɗinke, a tafi shan shayi. Ban tanka ba saboda da ruwa a bakina. Yau babu, sai ku gyara zama.

Ni Isiyaku ba likita ba ne, ban taɓa riƙe wuƙa ba. Tun kafin a haife ku nake ɗakin tiyatar wannan ɗan asibitin, kuma aikina miƙa kaya, dafa su, da riƙe bakin yanka da ƙugiya don likita ya ga abin da yake yi. Sai dai mai riƙe ƙugiya ya fi kowa kallo, tunda hannunsa ba ya motsi, idonsa ne kawai yake aiki. Abin da idon nan ya gani shi zan gaya muku.

Wata bakwai na yi ina wanke almakashi da abin riƙe allura kafin Dakta Munzali ya bar ni na tsaya kusa da gadon aiki. Shi kaɗai ne likitan da yake yanka a nan a lokacin. Mutum ne gajere, mai magana a hankali, yatsunsa kamar na mai saƙar hula. Kullum da safe sai ya ɗauki almakashi ɗaya daga tire, ya buɗe shi, ya duba mahaɗarsa a hasken taga. In ya ga ɗigon busasshen jini ba ya faɗa. Tiren gaba ɗaya yake turo mini, ya ce, "Isiyaku, a sake." Ranar da ya duba ya mayar bai ce komai ba, ranar na san na ci jarrabawa.

Masu ƙaba kuwa kun san su, iyayenmu ne. Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗora mangalar taki a kan jaki, yana huɗa da garma, yana cicciɓar damin dawa zuwa bakin rumbu, dole wata rana bangon cikinsa ya gaji ta wajen matsematsi. Sai hanji ya sami kafa ya leƙo. In an ƙyale shi ya gangara ƙasa ya zama gwaiwa. Ba sa zuwa da damina, ko da abin ya kai ƙoƙo. Ɗaure shi suke da tsohon rawani su shiga gona. Sai an yi kaka, an kai amfani gida, sannan za ka gan su sun jeru a benci da manyan riguna, kowa yana kallon ƙasa kamar bai san abin da ya kawo na kusa da shi ba. In an tambayi mutum, sai ya ce ciwon ciki. Tambayarsu kuma ɗaya ce: "Likita, zan warke kafin ruwa ya sauka?"

Aikin farko da na riƙe wa ƙugiya na Malam Ɗanlami ne, wani mai haƙar rijiya daga wani ƙauye a hanyar Shanono. Dogo ne, kafaɗunsa kamar turmi, ga barkwanci. Yana kwance an yi masa allurar kashe wuri yana ba mu labarin rijiyar da ya haƙa gaba goma sha biyu ya tarar da dutse. A zamanin babu raga. Nama ake janyowa a haɗa da nama da zaren roba mai ƙarfi, kamar mai ɗinke bakin buhun da aka cika fiye da ƙima. Dakta ya iya wannan ɗinkin, ban taɓa ganin wanda ya kai shi ba. Amma yana ɗaure ƙulli na ƙarshe ya ce mini a hankali, "Ka ga yadda naman yake ja? Abin da aka haɗa da ƙarfi, rabuwa yake nema."

Haka kuwa aka yi. Damina biyu Malam Ɗanlami ya yi lafiya, a rani na uku yana janyo bokitin laka ya ji abu ya ɓalle. Ba zaren ne ya tsinke ba, naman ne ya yage daga jikin zaren. Ya ɗaure da rawani ya ci gaba da sana'arsa shekaru, don ya ce ba zai sake kwanciya a yi masa abin da zai kwance ba.

Ana nan sai Dakta ya tafi kwas, ya dawo da raga a cikin ambulan. Ya kira ni ofis ya ɗaga ta a hasken taga. Fara ce, saƙar zaren roba, da 'yan ƙananan idanu kamar na gidan sauro. Na ce, "Dakta, wannan za a sa wa mutum a jiki? Ai ko kaza ba za ta tare ba."

Ya ce, "Ba ita ce take tarewa ba. Danga ce kawai muke kafawa. Jiki ne zai zo ya yaɗu a kanta."

Ban gane ba sai da na gani. Ku da kuke cewa a shimfiɗa a ɗinke, bari in gaya muku abin da ke cikin shimfiɗar. Ana yanke ragar daidai jikin mutumin, ba daidai hoton littafi ba. Ana tsaga mata wutsiya biyu don igiyar da take gangarawa maraina ta wuce ta tsakiya, kada a shaƙe ta, kada kuma a bar ƙofa. Dole ta zarce kan ƙashin mara da kamar faɗin yatsa, domin ta nan ƙaba take zagayowa ta dawo, amma allura ba ta taɓa ƙashin, in ta taɓa mutum zai daɗe yana jin ta. Sannan ba a miƙe ta tantsan kamar fatar ganga. Sai an bar mata ɗan tudu a tsakiya, saboda mutum a kwance yake lokacin aiki, in ya miƙe ciki zai turo, ita kuma ragar takurewa take yi in nama ya kama ta. Dakta yakan ce wa mara lafiya, "Malam, yi tari." Mutum ya yi tari da cikinsa a buɗe, mu zuba ido mu ga yadda ragar ta ɗaga ta koma. In ba ta kwanta masa a rai ba, sai ya warware ya sake.

Bayan aiki kuma jiki yana da nasa tsarin da ba ya sauya shi don gaggawar kowa. Kwanakin farko faɗa yake da baƙuwar: wurin ya kumbura, ya yi ɗumi, wani lokaci ruwa ya taru. Sai wani tudu mai tauri ya fito a ƙarƙashin ɗinkin kamar an binne kara. Nan ne mutane suke dawowa a firgice, wai abin ya dawo. Sai in sa yatsansu a kai in ce, "Baba, wannan gini ake yi, kada ka matsa, kada a sa masa magani mai zafi." Bayan wasu watanni tudun ya sauka, wurin ya yi laushi. In raga mai manyan idanu ce, nama yana ratsa kowane ido ya bar ta tana lanƙwasa da jiki. In mai ƙananan idanu ce mai kauri, sai tabo ya haɗe ya zama faranti guda, mutum ya riƙa jin kamar an sa masa kwali a mara.

Aikin Malam Hudu ladan shi ya koya mana sauran. Dakta ya sa masa raga, ya kewaye ta da ɗinki sosai da zaren da ba ya narkewa, don a farko tsoronmu kada ta gusa. Ƙaba ta tafi. Amma bayan wata biyar sai ga shi yana tafiya a karkace. Ya ce, "Likita, in na yi ruku'u sai in ji kamar kunama ta harbe ni, ta bi cinya. Kiran salla ma in na ja numfashi sai ta motsa. Ni da nake tsayar da jama'a, a zaune nake salla."

Dakta ya ce, "Nuna mini da yatsa ɗaya." Ya nuna. Dakta ya yi masa 'yar allurar kashe zafi a daidai wurin, ya ce ya yi ruku'u. Malam Hudu ya sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa, ya ce, "Allahu akbar, ta tafi!"

Dakta ya ce, "Ba ta tafi ba, barci take. Ɗinkina ne ya kama maka jijiya. Ni na ɗaure ta, ni zan kwance."

Da aka buɗe, ga shuɗin ƙulli guda ɗaya ya shaƙe wata jijiya fara siririya, ba ta kai tsinken tsintsiya ba. Wannan ɗan abin ne ya zaunar da ladan. Dakta ya datse ƙullin ya zare. Ni kuma hankalina yana kan ragar, ina jiran ta saki. Ko gezau. Nama ya ratsa ta, ya lulluɓe ta, har da 'yan jijiyoyin jini suna shiga ta wannan ido suna fita ta wancan. Da ƙyar za ka ce ga inda roba ta ƙare, ga inda mutum ya fara. Dakta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka gani? Aikin zare na 'yan makonni ne. Mu muna ta ɗaurewa kamar mun fi Mai halitta iya riƙo." Daga ranar ya rage ɗinki. Gefen ƙasa da zare mai ƙarfi, gefen sama 'yan ƙulli kaɗan, sakwa-sakwa, da zare mai narkewa, kuma ba ya soka allura sai ya nemo jijiyoyin nan ya gan su da idonsa. Na ji kuna labarin cewa a manyan asibitoci yanzu da gam ake manne raga, wasu da 'yan ƙusoshi ta cikin na'ura. Madalla. Ko da me aka kafa ta, jijiyar tana nan inda Allah ya ajiye ta.

Labarin ladan ne ya kai kunnen Malam Ɗanlami, ya zo bayan kaka ya ce a sa masa "ragar nan". Ashe ya zo a muguwar shekara.

A shekarar janareton asibiti ya lalace, aka yi ta cewa gobe, jibi. Muka koma dafa kaya a ƙaramar tukunyar tururi a kan risho. Raga kuma babba ake kawo mana, mu yanka ta gida-gida, mu naɗe kowace mu dafa. Akwai wani tef da ake liƙa wa ƙunshin, mai canza launi in zafi ya kai. Ya ƙare. Robar murfin tukunyar ta tsufa, tururi yana tsiyaya ta gefe. Na ga tsiyayar. Na naɗa mata tsumma, na ƙara wuta, na ƙara lokaci, na ce ai kunnena ya san kukan tukunyar nan. Ban gaya wa Dakta ba, don benci cike yake da mutanen da suka yi tafiyar rabin yini.

Mutum uku muka yi wa aiki a makon. Cikin kwana goma duka ukun suka dawo da zazzaɓi, wurin ya yi ja yana zubar da mugunya. Biyu Allah ya taimake su, ciwon bai kai ga ragar ba, aka buɗe sama aka wanke, magani ya ci. Na Malam Ɗanlami ya nutsa.

Na sami Dakta a ofis na gaya masa zancen robar. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Yaushe ka gani?" Na faɗa. Ya ce, "Ni kuma na karɓi ƙunshi babu tef na buɗe, ban tambaya ba. Mu biyu ne. Je ka rufe ɗakin." Sai da ɗakin tiyata ya yi wata biyu a rufe. Mutanen benci suka yi ta roƙo, wasu har da zagi, ya ce wanda tasa ta murɗe a ɗauke shi zuwa birni, sauran su jira. Da kansa ya hau mota ya nemo roba da tef.

Malam Ɗanlami kuwa ya yi ta zarya. Bakin ciwon ya rufe, ya sake fashewa. Kullum ni nake wanke masa. Mutumin da kafaɗarsa take cika ƙofa ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Ranin nan ko rijiya ɗaya bai haƙa ba, ga iyali goma sha ɗaya a gida. Da bazara ta kama Dakta ya zaunar da shi ya ce, "Malam Ɗanlami, ƙwayar cuta ta sami gida a jikin ragar, magani ba ya isa inda take. Sai an cire. Kuma ka sani, daga wajenmu cutar ta fito, ba daga wajenka ba. Kayanmu ne ba su dahu ba."

Ina tsaye riƙe da tire na ce, "Ni ne mai dafawar, Baba."

Ya dube ni, ya dubi Dakta. Ya ce, "Na taɓa haƙa wa wani bawan Allah rijiya, na ga ƙasar tana da yashi, na ce za ta riƙe. Ta rufta da akuyarsa biyu. Ban gudu ba, na koma na yashe ta. Ku ma na ga ba ku gudu ba. In an cire, hanjin fa?"

Dakta ya ce, "Ban sani ba. Wataƙila ya dawo. Ba zan sa maka wata raga a wuri mai ciwo ba. Allah ne zai riƙe."

"To dama Shi ne. Bisimilla."

Cire raga ya fi sa ta wuya nesa ba kusa ba. Awa uku muka yi. Ta gefen da cutar take, ragar ta dunƙule tana iyo a cikin mugunya, nama ya ƙi ta, ya ja baya ya yi mata ɗaki. Wannan da an taɓa ta taso. Amma ta ɗaya gefen jikin bawan Allah ya karɓe ta tsakani da Allah, duk da zazzaɓi da ramar da yake ciki. Nan Dakta ya bi ta da bakin almakashi, ido bayan ido, ga igiyar maraina manne a jiki, ga babbar jijiyar jinin ƙafa a ƙarƙashi. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa ana share masa. Ni dai hannuna ya mutu a kan ƙugiya ban sani ba. Da ya fito da guntun ƙarshe ya jera su a tire, ya haɗa su kamar mai haɗa fasasshiyar ƙwarya, ya tabbatar babu saura. Aka bar ciwon a buɗe ya cike daga ƙasa. Sati bayan sati jan nama yana tasowa kamar tsiron gero, har ya shafe.

Dakta ya kafa masa doka: babu garma, babu diga, har shekara ta zagayo. Ruwa ya sauka, gonarsa tana kallonsa. Da lokacin huɗa ya yi mutanen ƙauyen suka kira masa gayya. Ranar Asabar ɗin sai ga Dakta a ƙofar gidana a kan babur, da garma ɗaure a baya. Ya ce, "Hau." Muka tarar da maza sun kai talatin sun jeru, makaɗi yana zuga su. Dakta ya naɗe wando ya shiga layi. Kunya biyu ya yi, ta uku tafinsa ya yi bororo. Sai wani tsoho ya zo ya riƙe ƙotar garmar ya ce, "Likita, sake ta. Ni ma akwai ragarka a jikina, ƙanena kuma yana layi bana. Waɗannan hannayen ba naka ba ne kai kaɗai." Aka zaunar da shi a gindin kuka kusa da Malam Ɗanlami, aka ba su fura. Ni ba wanda ya ce hannuna na jama'a ne, sai da na kai la'asar.

Shekarar ba ta gama zagayowa ba, da sauran kamar wata biyu, wani mai ƙaba daga garinsu ya ce mana ai Malam Ɗanlami yana cikin rami tun makon jiya, yana haƙa wa makarantar allo rijiya. Ban taɓa ganin ran Dakta ya ɓaci haka ba. Muna gama aikin ranar ya tayar da babur.

Muka tarar da tulin jar ƙasa, mutum biyu suna jan igiya. Dakta ya leƙa ya ce, "Malam Ɗanlami! Fito!"

Daga can ƙasa murya ta taso, "Wa nake ji kamar Likita?"

Ya hauro yana taka 'yan ramukan da ya sassara a bango, jikinsa duk ƙasa, kafaɗun sun dawo. Ya fara gaisuwa, Dakta ya ja shi bayan zana. Ya wanke hannu da buta, ya ce ya sassauta wando. Ya sa yatsa a wurin.

"Yi tari."

Ya yi.

"Ƙara. Da ƙarfi."

Ya yi wanda har kajin gidan suka watse. Dakta ya ƙara danna yatsansa a wurin. Can ya ce, "Isiyaku, wanke hannu ka zo ka taɓa."

Na taɓa. Babu raga, babu zare ko ɗaya a jikin mutumin nan, amma ƙarƙashin tabon bango ne shimfiɗe, mai kauri kamar jemammiyar fata. Ya sake tari, ban ji komai ya bugi yatsana ba. Duk faɗan da jikinsa ya yi da ragar da cutar, tabon da ya bari shi ya toshe kafar da muka yi shekaru muna nema mu toshe.

Dakta ya ce, "Wannan ba ɗinkina ba ne." Ya miƙe yana goge hannu. "Ba kowa ake yi wa wannan kyautar ba, Malam Ɗanlami. Ranar da ka ji wani abu ya leƙo, ko kamar ƙwan zabo ne, ka zo. Kada ka nemi rawani."

"Na ji, Likita." Ya ɗaure wandonsa yana waigen ramin. "To in koma? Ƙasar ta fara sanyi a ƙafata."

Dakta ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Koma."

Ba mu tafi ba. Muka zauna a kan tulin ƙasar muna jin bugun diga yana tasowa daga ciki. Bokiti ya fito da jar ƙasa, na biyu ya fito da baƙa. Na biyar da masu igiya suka juye a gabanmu, laka ce, tana naso.